Baƙo Raɓa Ne: Shirya Fim a Birnin da Ya Sauki Babban Taron Wasanni



GABATARWA

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya a wannan zaure, ina kuma godiya ga hukumar Jami'a saboda alfarmar da ta yi mini ta tsayawa gaban wannan taro mai kwarjini. An bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, ni kuwa sai na ɗauko batun da na san wasunku za su ce ina ruwan Gusau da shi, watau shirya fim a babban birni sa'ad da birnin ya sauki baƙin wani gagarumin taron wasanni. Mai wannan tambaya yana da gaskiyarsa. Gusau ba ta taɓa saukar gasar duniya ba, gidajen silima kuwa an rufe su a Jihar nan bayan da aka ƙaddamar da Shari'a ran 27 ga Oktoba, 1999. Duk da haka ina fata kafin in zauna ku yarda da ni cewa maganar ta shafi Gusau da Tsafe da Bunguɗu kamar yadda ta shafi kowane birni na duniya.

Jigon maganata ɗaya ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Babban taron wasa baƙo ne. Yakan yi mako biyu ko uku ana kiɗa ana shewa, sa'an nan kowa ya naɗe tabarmarsa ya kama hanyar gida. Abin da yake wanzuwa bayan an watse shi ne hoton da aka ɗauka, wanda ya riƙe kyamara a ranar kuwa shi ne zai gaya wa jikokinmu yadda aka yi. In muka bar wani ya riƙe mana ita, to a bakinsa za a ji labarinmu. Zan bi wannan magana ta Balin da Tokiyo da Kinshasa, in sauko Ikko, in ɗan daɗe a Kano domin nan ne wuri mafi kusa da mu inda sana'ar fim da gasar duniya suka haɗu a gari ɗaya, sa'an nan in dawo gida.

ABIN DA KE SAMUN BIRNI IN YA SAUKI GASA

Sa'ad da wata ƙungiyar wasanni ta duniya, kamar FIFA ko Kwamitin Olamfik, ta ba wani birni saukar gasa, akan ƙulla yarjejeniya wadda a cikinta haƙƙin ɗaukar hoton wasannin da nuna shi yake zama na ƙungiyar. Ita ce take naɗa waɗanda za su ɗauki dukan wasannin, ita ce kuma take sayar wa gidajen talabijin na ƙasashe izinin nunawa, kuma daga wannan ciniki ne kaso mafi girma na kuɗin shigarta yake fitowa. Saboda haka mai shirya fim ɗan gari, ko da a bayan katangar filin aka yanke masa cibiya, ba shi da ikon shiga da kyamara sai da katin izini. In ma ya sami katin, an yi masa iyakar abin da zai ɗauka da inda zai nuna.

A wajen fili ma haka abin yake. Akan toshe wasu tituna, 'yan sandan da za su tsare wurin ɗaukar fim an kwashe su zuwa gadin baƙi, masaukai sun cika, kuɗin hayar mota da na fitilu ya tashi, ƙwararrun ma'aikata kuma masu gasar sun yi hayarsu. Birnin Faris, wanda kusan kullum ana ɗaukar fim a titunansa, sai da hukumarsa ta taƙaita ba da izinin ɗaukar manyan finafinai a wasu unguwanni har wajen wata uku saboda wasannin Olamfik na 2024. Los Angeles, inda Hollywood take, ita ce za ta sauki wasannin 2028, kuma irin wannan lissafi yana jiran masu fim na can.

Ashe ke nan gasa tana da fuska biyu ga mai fim. Tana rufe masa ƙofar fili, tana ƙuntata masa titi, amma kuma tana kawo masa har ƙofar gida abin da ba zai sake gani ba a rayuwarsa: garinsu cike da baƙin duniya, kowa ya fito da halinsa. Gwanin mai fim shi ne wanda ya gane fuska ta biyu.

DARASI DAGA BIRANE UKU

A 1936 Balin ta sauki wasannin Olamfik a zamanin mulkin Hitila. Gwamnati ta ɗora wa wata mata, Leni Riefenstahl, aikin ɗaukar wasannin, ta sake mata bakin aljihu. An haƙa ramuka a gefen fili domin kyamara ta kalli mai tsalle daga ƙasa, an shimfiɗa ɗan dogo domin ta bi mai gudu kafaɗa da kafaɗa, an nutsa da wata cikin ruwa domin masu iyo. Aikin tacewa da haɗawa ya ci kusan shekara biyu, sai ran 20 ga Afrilu, 1938, ranar haihuwar Hitila, aka fara nuna fim ɗin mai suna Olympia. Har yau masana suna koyon dabara daga gare shi, har yau kuma suna tsarguwa da shi, domin an yi shi ne don a ƙawata mulkin zalunci. Amma ku lura da wani abu. Mulkin da yake wa'azin fifikon farar fata, kyamararsa ce ta adana wa duniya hoton Jesse Owens, baƙar fata daga Amurka, wanda ya ci lambar zinariya huɗu a wannan gasa.

A 1964 Tokiyo ta sauki wasannin, aka ba Kon Ichikawa aikin fim. Hukumomin Japan suna son a nuna sababbin gine-gine da nasarorin 'yan ƙasa, shi kuwa ya karkata ga mutane: gumin fuska, hannun da ke rawa kafin a busa usur, da wanda ya zo na ƙarshe amma ya ƙi tsayawa. Ya bi Abebe Bikila na Habasha a tseren dogon zango har mai kallo ya ji kamar shi ne yake numfashi. Ya kuma ware wani sashe ga Ahmed Issa, ɗan tsere daga Cadi maƙwabciyarmu, ƙasar da shekara huɗu ke nan da samun mulkin kanta; mutumin bai ci lamba ba, fim ɗin ya nuna shi yana cin abinci shi kaɗai a baƙon gari. Wasu manyan gwamnati sun yi fushi, har aka sa a tace wani fim ɗin daban daga cikin hotunan. Yau na Ichikawa ne ake nema. A wannan gasa ce kuma Nojim Maiyegun ya ciwo wa Nijeriya lambar Olamfik ta farko, ta tagulla, a damben zamani.

Na uku shi ne Kinshasa, inda Muhammad Ali ya kayar da George Foreman ran 30 ga Oktoba, 1974. Shugaba Mobutu ya jawo damben ne domin duniya ta ji sunan Zayar. Wani Ba'amurke, Leon Gast, ya je ɗaukar bikin kiɗan da aka shirya tare da damben; da aka ɗage karawar saboda Foreman ya ji rauni a gira, sai ya juya kyamara ga Ali da jama'ar gari masu binsa a titi. Rikicin kuɗi da na shari'a ya sa hotunan suka kwanta shekara 22, sai a 1996 fim ɗin When We Were Kings ya fito, ya ci lambar Oscar a 1997. Abin da duniya ta sani game da Kinshasa ta wannan lokaci, yawancinsa ta idon baƙo ta san shi.

Darussan a bayyane suke: mai biyan kuɗi yana da bukatarsa, hoton mutane ya fi na gini daɗewa, kuma hoton da aka adana da kyau darajarsa ƙaruwa take yi.

DAGA MAJIGI ZUWA IKKO

Mu ma ba baƙin wannan sana'a ba ne. Dattawan da ke nan sun tuna motar majigi, wadda takan iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan isha'i mai fassara ya ɗauki lasifika. A nan mutanenmu suka ga hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, a nan suka ga Baban Larai, fim ɗin da aka shirya a shekarun 1950 domin koyar da noman auduga, abin da ya shafi ƙasar Gusau kai tsaye. Daga wannan makaranta ta sashen fim na Gwamnatin Jihar Arewa Alhaji Adamu Halilu ya fito. Su waɗannan mutane an koya musu ɗaukar abin da ke faruwa a zahiri: taro, da kasuwa, da gona, da sukuwa.

A watan Janairu na 1973, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa, Ikko ta sauki Wasannin Afirka karo na biyu a sabon filin wasa na Surulere. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon tana son Afirka ta ga cewa Nijeriya ta warke, ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa kuma ta ci zinariya. A wannan fili ne, ran 22 ga Maris, 1980, Nijeriya ta ci Aljeriya uku ba ko ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu Kofin Afirka. Tsakanin waɗannan biyu aka yi bikin FESTAC na 1977, da gagarumin hawan dabarsa a Kaduna, kuma a lokacin bikin aka nuna Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Ku ji abin da ya sami wannan fim. Ya ɓace shekara da shekaru, har mutane suka fid da rai. Sai a 2016 aka gano asalin zarensa cikin kayan Hukumar Fim ta Nijeriya, wata cibiya a Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. To in fim ɗin da aka yi daga littafin Firayim Minista ya kusa salwanta, mene ne makomar hoton ɗan dambe ko ɗan kokawa?

KANO, 1999

Yanzu na iso inda nake son mu daɗe. Daga ran 3 zuwa 24 ga Afrilu, 1999, Nijeriya ta sauki gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Cikin garuruwa takwas da aka zaɓa akwai Kano da Kaduna da Bauci. A filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata aka yi wasannin Kano. Rukunin da Japan da Kamaru da Ingila da Amurka suke ciki, tsakanin Kano da Bauci aka raba wasanninsa. Mai horar da Japan kuwa Philippe Troussier ne, wanda ya horar da ƙungiyar Nijeriya a 1997. A Kano ne Nijeriya ta fitar da Ailan a zagaye na biyu da bugun daga kai sai mai tsaron gida, kafin Mali ta fitar da mu. A ƙarshe Sifen ta ci Japan huɗu ba ko ɗaya a Ikko, Seydou Keita na Mali ya zama gwarzon gasa. Ba a cika shekara ba Kano ta sake saukar baƙi, domin a farkon 2000 ita da Ikko ne garuruwan Nijeriya a gasar Kofin Afirka da muka yi tarayya da Gana. Masar da Senigal da Zambiya da Burkina Faso a Kano aka ajiye rukuninsu.

A daidai wannan lokaci kuma Kano tana tsakiyar wani tashe na daban. Tun 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Kafin shekara goma sana'ar ta cika gari. A watan Maris na 1999, wata guda kafin a busa usur ɗin farko, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa. A wannan shekara Sunusi Shehu ya ƙirƙiro sunan Kannywood a mujallarsa Tauraruwa, a cikinta kuma kamfanin Sarauniya ya fito da Sangaya, wanda ya sauya kasuwar fim ɗin Hausa baki ɗaya. Watau ga gari cike da samari masu kyamara a kafaɗa, ga kuma duniya ta sauka a Ƙofar Mata.

Ku ɗan auna abin da ke wajen katangar filin a ranakun nan. Zafin Afrilu na Kano ga wanda ya taso cikin ƙanƙara. 'Yan acaɓa da baƙon da ba su jin harshensa suna ciniki da yatsu. Marinar Ƙofar Mata, taku kaɗan daga fili, ga baƙi daga Japan, ƙasar da ita ma take da tsohuwar sana'ar rini da baba. Yaron da ya taso daga Tsafe ko Bunguɗu tun asuba a motar haya, ya tara kuɗin tikiti da ƙyar. Duk wannan ba ya cikin haƙƙin FIFA, na mai gari ne, kyauta. Amma finafinan da suka yi tashe a waɗannan shekaru labaran soyayya ne da na gidan sarauta, da waƙa da rawa. Wanda yake son ganin Kano ta Afrilun 1999 kuwa, abin da ya fi saurin samu shi ne hoton cikin fili, mallakar masu gasa, inda garin bai wuce suna a kusurwar allo ba.

Ban faɗi wannan don in zargi kowa ba. Dalilai ne suka haɗu. Na farko shi ne kasuwa. 'Yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata su ne masu sayen fim daga hannun mai shiryawa, abin da matan gida da samari za su saya shi suke nema, kuma ba wanda ya taɓa gwada musu cewa fim na haƙiƙa, wanda babu wasan kwaikwayo a cikinsa, zai mai da kuɗi. Na biyu shi ne tarbiyyar sana'a. Masu bidiyo daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da littattafan soyayya suka fito, tare da tasirin finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a silima; igiyar da za ta haɗa su da mutanen majigi ta riga ta tsinke, ba a miƙa musu wancan ilmi na ɗaukar zahiri ba. Na uku shi ne dangantakarsu da hukuma. A watan Disamba na 2000 Gwamnatin Kano ta dakatar da sana'ar, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007 aka sake dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, da yawa daga masu sana'ar suka koma Kaduna da wasu garuruwa. Saboda haka sa'ad da Kano ta sake saukar gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, tsakanin mai kyamara da mai ofis akwai tsoro da zargi. Ma'aikacin da yake kallon mai fim a matsayin matsala ba zai tuna da shi ba ranar da ake rabon katin izini.

MU DAWO GIDA

To ina Zamfara a cikin wannan? Jihar nan, wadda aka ƙirƙiro ran 1 ga Oktoba, 1996, tana da filin wasa na tunawa da Sardauna a Gusau, amma wasanninmu na asali sun girmi kowane fili. In an yi girbi, an kai amfani rumbu, sai a buɗe fagen dambe da na kokawa, Fulani kuma su yi sharonsu. A ma'aunin ƙauye wannan shi ne babban taron wasa: baƙi sun zo daga nesa, an yi masauki, mahauta sun yi ciniki, makaɗa sun kwana suna zuga.

Ku ɗauki misalin Shago. Babu Bahaushen da bai ji sunansa ba, amma in kuka bincika za ku tarar mafi yawan abin da muka sani game da shi ta bakin Ɗan Anace muka san shi. Makaɗi ya yi aikinsa, ya tsare mana suna da kirari. Sai dai waƙa ba ta nuna yadda mutum yake tsayuwa, da yadda yake auna abokin karawa kafin ya kai hannu, da yadda fage yake yin tsit kafin kisa. Gani ya kori ji. Haka nan a Kwatarkwashi ta ƙasar Bunguɗu, da can akwai bikin kamun maiki a kan dutse, an bar shi, waɗanda suka gani da idonsu kuwa suna ta ƙarewa. 'Yandoto ta ƙasar Tsafe garin malamai ce tun kafin jihadi, ɗan abin da ya rage mana na labarinta rubutu ne ya tsare shi. Kyamara alƙalamin wannan zamani ce.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. Tun 1975, da aka fara a Tawa, suke yin gasar kokawa ta ƙasa wadda ake ba gwarzonta takobi, tana zagayawa daga wannan jiha zuwa waccan, har da Maraɗi da Damagaram, gidan talabijin na ƙasa kuma yana nuna ta. Wasan nasu ne, hoton ma nasu ne. A nan gida kuwa damben gargajiya ya shiga intanet, mutane a ƙasashe masu nisa suna kallonsa a YouTube, kamfanoni daga Ikko da ƙetare sun shigo da jarinsu. Ban ga laifinsu ba. Tambayata ita ce, nan da shekara 30, ɗalibin wannan Jami'a da yake son nazarin dambe, wa zai roƙa ya ba shi hoton kakansa?

Akwai kuma abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Rashin tsaron da ya addabi ƙasarmu ya tashi ƙauyuka, ya sa taron dare ya zama abin tsoro. A watan Satumba na 2021 har sai da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a Jihar nan. Wasan da aka shekara biyar ba a yi ba, yaran da suka taso a lokacin ba su san shi ba. In Allah ya kawo zaman lafiya, kuma muna roƙonsa ya kawo, da me za a koya musu?

Na san a cikinku akwai mai cewa a fagen dambe akwai layu da camfi da cuɗanyar da addini bai yarda da ita ba. Wannan magana ce mai nauyi, ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Amsata ita ce adana abu daban, yarda da shi daban. Malamanmu na jihadi sun rubuta al'adun da suka yi yaƙi da su, da ba su rubuta ba da ba mu san abin da aka gyara ba. Mai kyamara ɗan gari, wanda ya san kunya ya san girman iyaye, ya fi baƙo sanin inda zai kau da kai.

ABIN YI

Ga ɗalibai, wayar da ke aljihunku ta fi kyamarar da aka yi Turmin Danya da ita kyawun hoto. Abin da ya rage shi ne ladabin sana'a. Ku nemi izinin mai gari da na wanda za ku ɗauka. Ku kafa wayar a kan abin da ba ya motsi, ku kula da sauti kamar yadda kuke kula da hoto. Kada ku tsaya ga turmin dambe kaɗai; ku ɗauki ɗaurin hannu, da mai kalangu, da 'yan kallo, da tsohon ɗan damben da ke zaune a gefe, ku tambaye shi wa ya koya masa. Kowane hoto ku rubuta masa rana da wuri da sunayen waɗanda ke ciki, domin hoton da ba shi da wannan bayani maraya ne. Kada kuma ku jefa kanku cikin haɗari saboda hoto. Inda hanya ba ta da kyau ku jira.

Ga ma'aikatan gwamnati, musamman na ma'aikatun watsa labarai da wasanni da al'adu, shawarata uku ce. Duk taron wasa da gwamnati ta sa kuɗinta a ciki, a rubuta cikin yarjejeniya cewa wanda ya ɗauki hoto zai ajiye wa Jiha kwafi cikakke. Tsofaffin kaset da ke jibge a ofisoshi da gidajen watsa labarai, zafi da ƙura suna cin su kullum, a ware ɗan kuɗi a juye su zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. In kuma wata rana aka ba Gusau saukar wata gasa, ko ta jihohin Arewa ce, to tun a zaman farko na kwamiti a ajiye wa masu fim na gida kujera da katin izini. Tun ran gini ran zane.

Ga Jami'a kuma, ɗaki guda ya isa a fara: ma'aji mai amana, da kundin rajista, da ƙa'idar cewa ɗalibin da ya yi bincike a kan al'ada zai ajiye hoto da sautin da ya ɗauko tare da kundinsa.

KAMMALAWA

Jama'a, Balin ta nuna mana ƙarfin hoto da haɗarinsa, Tokiyo ta nuna cewa ɗan tseren Cadi da bai ci komai ba ya isa a yi fim dominsa, Kinshasa ta nuna yadda baƙo yake tafiya da labarin mai gida. Kano kuwa ta sauki duniya sau uku cikin shekara goma sha ɗaya, a lokacin da take da masu kyamara fiye da kowane gari a Arewa, amma masu gasa da masu fim kowa ya bi hanyarsa. Mu da muke ganin kamar an bar mu a baya muna da damar da za mu koya daga wannan. In kaka ta yi, aka buga kalangu a wani fage a ƙasar Bunguɗu ko Tsafe, ina fata a sami ɗaya daga cikin ɗaliban da ke zauren nan tsaye a gefe, da izinin mai gari, yana ɗauka yana rubuta suna da rana.